A Ina Za a Manna Ta?

'Yata,

Babanki ya gaya min kin fara sayar da sitika na zanen hannunki, har ƙawayenki na makaranta da matan unguwa sun fara kawo miki aiki. Ya ce kina tara kuɗi za ki sayi injin nan mai yanka da kansa, shi kuma hankalinsa bai kwanta da kuɗin ba, shi ya sa ya ce in yi miki magana tunda ni a cikin tawada da takarda na yi furfura. To, Allah ya yi wa abin albarka. Ni ba hana ki zan yi ba. Sana'a ce da ake yi a ɗaki, ba ta raba mutum da karatunsa, jarinta kuma ba mai karya wuya ba ne. Amma maganar inji ki ɗan jingine ta, za mu zo kanta. Akwai tambayar da ta riga ta, wadda na lura yawancin yaran da ke shiga harkar nan ba sa yi.

Duk wanda ya kawo miki aiki, kafin ki tambaye shi launi ko girma ko guda nawa yake so, ki fara tambayarsa a ina za a manna ta. Mai kunun aya a jikin roba za ta manna, robar ta kwana a firiza ko a kula cikin ƙanƙara, ta fito tana gumi. Mai humra a jikin kwalba za ta manna, kuma duk sanda aka tsiyaya sai ɗigo ya gangaro ta kan rubutun, ɗigon nan kuwa akwai mai a cikinsa, shi da tawada ba sa ga maciji. Uwar biki bokiti da kofi da faranti za ta liƙa wa, waɗanda gobe za a bi su da omo da soso. Ɗan adaidaita sahu a bayan kekensa zai sa, ta sha ranar Afrilu da zafinta ke haura digiri 40, ta kuma sha ruwan Agusta. Ɗaliba kuwa bangon littafi ne ko murfin kwamfuta, inda ba abin da zai taɓa ta sai hannu. Dukkansu a fuskar wayarki iri ɗaya suke, kyawunsu ɗaya. Amma takardar da za ta yi wa ɗaliba shekara tana nan ras, a jikin robar kunu ba za ta kai azahar ba. Kuma mai kunun ba za ta ce takarda ce ba ta dace ba. Cewa za ta yi aikin yarinyar nan ba shi da kyau, ta kuma faɗa wa duk wadda ta tambaye ta.

Mu fara da zanen, tunda tun ran gini tun ran zane. Abin da kike gani a waya haske ne. Fuskar waya ja da kore da shuɗi take haɗawa, ta hasko su daga ciki, shi ya sa komai yake walƙiya. Firinta ba ta da hasken da za ta ba ki, tawada huɗu gare ta: shuɗi mai haske, ja mai ɗaukar ruwan hoda, rawaya, da baƙi. Akwai launukan da waya ke nunawa waɗanda tawada ba za ta taɓa kaiwa gare su ba, musamman koren nan mai ƙyalli da shuɗi mai ɗaukar ido. Idan suka fito a takarda a dushe, firintar ba ta lalace ba, iya ƙarfinta ke nan. Abin da muke yi a maɗaba'a shi ne mu buga takarda guda cike da ƙananan akwatunan launi iri-iri, kowanne da lambarsa a ƙasa, mu kafe ta a bango. Ke ma ki yi haka, a kan ainihin takardar da kike aiki da ita. Daga nan, idan za ki zaɓi launi, bango za ki duba ba waya ba, kuma shi za ki nuna wa mai aiki don kada gobe a yi ta musu.

Sai kaifin hoto. Masu ɗab'i ɗigo 300 suke nema a kowane inci. Sitika mai faɗin santimita 5 kusan inci biyu ke nan, don haka zanenta yana son ɗigo wajen 600 ta kowane ɓangare. Ki fara zane da girma, domin rage babba ba ya ɓata shi, amma ja ƙarami don ya girma dishi-dishi yake mayar da shi. Idan kuma wani zai turo miki tambarinsa ta WhatsApp, ki ce ya turo shi a matsayin fayil, domin idan ya turo a matsayin hoto manhajar matse shi take yi don ya yi sauƙin tafiya, kaifin ya zube a hanya. Manhajar da kike zane da ita, ko Canva ce ko ibisPaint, ko CorelDRAW da masu shagunan ɗab'inmu suka fi sabawa da ita, wannan bai dame ni ba. Wadda hannunki ya faɗa a kanta ki riƙe.

Abin da ya dame ni shi ne cunkoso. Mai aiki zai so ki zuba masa suna da kirari da adireshi da lambar waya uku da hoton fure a cikin abin da bai kai tafin hannun jariri ba. Ki lallaɓa shi. Sitika daga nesa ake hango ta, sau ɗaya, a cikin wucewa. Siririn farin rubutu a kan baƙi ko shuɗi mai duhu ki guje shi, domin tawada tana ɗan bajewa ta cinye shi. Kuma ki san wani abu da ba a faɗa wa sabon shiga: firintar gida ba ta da farar tawada. Farin da kike gani a aikinki farin takardar ne. Ranar da kika buga a kan sitika mai garai-garai wadda ake ganin bayanta, duk inda kika sa fari fanko zai fito, sauran launukan kuma idan aka manna a kwalba mai duhu sai su nutse. Zoɓo a cikin roba ya isa ya haɗiye miki jan rubutu gaba ɗaya.

Ki riƙa barin zane ya zarce layin yanka da milimita 2 ko 3, ko kuma ki zagaye shi da farin baki mai wannan faɗin. Ba hannun da ke yanka daidai kan layi kullum, inji ma yana kaucewa. Wannan 'yar rarar ita ke rufa asirin kaucewar.

Ga wani lissafi da nake so ki zauna ki yi da rula a hannu. Takardar A4 faɗinta santimita 21, tsawonta 29.7, firinta kuma tana barin ɗan gefe. Idan kika jera zagayayyun sitika masu santimita 5 layi-layi, da 'yar tazara a tsakaninsu, uku ne za su shiga a kwance, biyar a tsaye, 15 ke nan. Ki rage su zuwa santimita 4 da rabi, sai huɗu su shiga a kwance, shida a tsaye, 24. Rabin santimita, wanda mai saye ba zai ko lura da shi ba, ya ƙara miki tara a kowace takarda. Saboda haka kada ki bari mai aiki ya yanka miki girma da ka. Ki ce masa ga girman da kike yi, ya zaɓa a ciki.

Yanzu tawada da takarda, inda yawancin kuka yake fitowa. Tawadar firintar gida iri biyu ce. Akwai wadda masu sayarwa ke kira dai, rini ne narkakke a ruwa, launinta yana da kyau ƙwarai amma ruwa yana wanke ta, rana kuma tana kashe ta da wuri. Akwai wadda suke kira figimen, ita ƙananan ƙwayoyin gari ne da ke zama a fuskar takarda, ta fi jure ruwa da rana. Yawancin firintoci masu tanki da ake saya don gida, irin su Epson L3250, da ta rini suke zuwa. Wannan ba aibu ba ne, sai dai ki san iyakarta. Kuma kada wani a kasuwa ya ruɗe ki ki zuba wata tawada daban a kan wadda ke ciki don an ce ta fi araha ko ta fi ƙarko. Idan kan firinta ya toshe, kuɗin gyaransa zai cinye duk abin da kika yi zaton kin rage. Araha ba ta ado.

Takardar mannawa ita ma biyu ce: ta takarda zalla, da ta leda wadda ake kira binil. Ta takarda ta isa ga littafi, ambulan, kwalin kyauta, ledar yaji ko ta dambun nama, duk abin da zai zauna a bushe. Abin da zai ga sanyi ko ruwa ko mai, sai ta leda. Idan za ki saya ki karanta jikin kwalin, ki tabbata an yi ta don firinta mai tawada. Akwai wadda aka yi don firinta leza, mai aiki da hoda. Leza da zafi take narkar da hodar ta kama takarda, zafin da ya kusa ninka na tafasasshen ruwa, don haka ledar da ba tata ba tana iya narkewa a cikinta. Ke dai ina ganin mai tawada ta fi dacewa da ke, ko don wuta. Tana aiki ba ta cin wat 20, ƙaramar sola ma ta ɗauke ta, leza kuwa ɗaruruwa take ja.

Aikin da zai zauna a waje, na mota da babur da ƙofar shago, wannan ki yarda ba na firintarki ba ne. Ki yi zanenki, ki kai wa masu manyan injinan da ke buga fleks, ki ce su buga miki a SAV, wato ledarsu mai gam a baya. Tawadarsu cin jikin ledar take yi, shi ya sa take daɗewa a rana. Da ƙafa suke aunawa su yi kuɗi. Ki cika faɗin da zanenki, ki dawo gida ki yanka. Ina yawan zama a shagon wani yaro da na koya wa aiki, shi yanzu irin waɗannan injinan yake juyawa, kuma da yawa daga masu kawo masa aiki masu ƙananan sana'a ne irinki. Ba gazawa ba ce. Zanen naki ne, sunan naki ne.

Firinta kuma tana son kulawa a ƙasar nan fiye da yadda littafinta ya faɗa. Lokacin hunturu ƙura da bushewar iska su ne abokan gabanta. Ki ɗinka mata riga ki riƙa rufe ta. Ko ba ki da aiki, ki buga ɗan abu mai launi duka sau biyu a mako don kada tawada ta daskare a bakin allurar. Idan za ki kashe, ki kashe ta makunninta, ki jira kan ya koma mazauninsa inda yake rufuwa, kada ki fizge waya daga bango. Ɗaukewar wuta tana tsaka da bugu ma haka take barin kan a buɗe, ga asarar takarda, don haka ko ƙaramin batirin ajiye wuta ne ki haɗa mata. Da damina kuwa takarda ce ke shan laima ta kanannaɗe, sai ki ajiye ta a kwance cikin ledarta a rufe, nesa da taga.

Laminatin shi ne sulken sitika. Na sanyi za ki nema, wanda ake ɓarewa a shimfiɗa ba tare da zafi ba. Amma kada ki yi gaggawa. Tawada tana bushewa a ido tun ba ta bushe a ciki ba, ki bar aikin ya sha iska wasu awanni, idan da hali ya kwana. Kafin ki fara ki goge tebur da jiƙaƙƙen tsumma, ki kashe fanka, domin ƙwayar ƙura ɗaya idan ta shiga ƙarƙashin leda ta zauna ke nan. Ki kama daga gefe guda, ki riƙa turawa sannu da tsohon katin ATM da kika naɗe da ƙyalle, iska tana fita ta gaba. Sai dai ki sani laminatin fuska yake karewa. Idan ta ƙasan takarda ce, ruwa zai shiga ta bakin yanka ya kumbura ta.

Kafin ki sayar da kowane sabon haɗi na takarda da tawada da leda, ki hukunta shi da kanki. Ki manna ɗaya a roba ki sa a firiza ta kwana, da safe ki fito da ita ki bari ta yi gumi, ki murza da yatsa. Ki ɗiga wa wata man gyaɗa, wata turare. Ki manna wata a taga ta ɓangaren da rana ke duka, ki ajiye 'yar'uwarta a cikin littafi, bayan mako biyu ki haɗa su ki gani. Abin da kika gani shi za ki faɗa wa mai saye, ba ƙari. Idan wata uku za ta yi a rana, ki ce wata uku. Ki kuma koya wa masu kunu da zoɓo su manna tun robar tana bushe, kafin a zuba a sa a sanyi, domin gam ba ya kama jiƙaƙƙen wuri, kuma yana son kamar kwana guda kafin ya gama riƙewa. Rabin ƙorafin da za a kawo miki daga nan yake.

To, mun zo kan yanka. Almakashi mai kaifi wanda ba a taɓa komai da shi sai wannan aiki, wuƙar yanka takarda da sabuwar reza, rular ƙarfe, da tabarmar yanka, sun isa ki fara, har ki yi nisa. Idan kina bin lanƙwasa, takardar za ki riƙa juyawa, almakashin ya tsaya inda yake. Kusurwa mai tsini ki ɗan zagaye ta, domin daga tsini sitika ke fara ɓarewa. Masu zagaye kuma akwai abin huda da ake dannawa, yana fitar da su daidai wa daida, kuɗinsa bai kai ko kusa da na inji ba.

Kada ki raina farawa da ƙananan kaya. Mutumin da ya fara sana'ar takarda mai manne kanta, wani Ba'amurke R. Stanton Avery, a Los Angeles ya fara a 1935, da aron dala 100 daga wajen yarinyar da zai aura. Injinsa na farko da kansa ya harhaɗa shi daga motar injin wanki da sassan keken ɗinki da zarto. Kamfanin yana nan har yau, Avery Dennison, kuma ba mamaki wata takardar da za ta biyo ta hannunki tasu ce.

Inji yana da ranarsa. Ranar ita ce sanda aiki ya fi ƙarfin hannunki, kika fara mayar da masu kawowa, ko zanenki ya zama mai kwana-kwanar da almakashi ba ya bi. Idan ta zo, ga abin da za ki duba. Irin su Cricut da Silhouette, firintarki ce za ta buga zanen tare da wasu baƙaƙen alamu a gefen takarda, injin ya karanta su da idonsa ya gane inda zai bi. Alamun suna cin fili, don haka lissafin 24 ɗin nan zai ragu. Leda mai sheƙi tana kashe wa idon gani, sai ki ga yana ta laluben alama ya kasa. Masu aikin suna liƙa tef mai garai-garai marar sheƙi a kan alamun, ko su rage hasken ɗaki. Dole ki buga a ainihin girma, ɗari bisa ɗari. Idan firinta ta rage shafin ko da kaɗan don ya shiga takarda, duk yankan zai kauce. Ki kuma duba girman takardar da manhajar ta zaɓa, domin Amurkawa tasu daban ce da A4, ta fi faɗi kaɗan, ta gaza tsawo. Manhajar Cricut sai da data take karɓar sabon zane, ta Silhouette tana aiki ko ba intanet, ScanNCut na kamfanin Brother kuma shi da kansa yake ɗaukar hoton takardar ya ga bakin zanen. Amma tambayar da ta fi waɗannan duka ita ce a ina za ki samu reza da tabarma idan naki sun mutu, kuma nawa. Su biyun cinyewa suke yi, daga waje ake kawo su, farashinsu dala yake bi. Na ga injina masu tsada a rufe da zani a kan kabad saboda reza.

Yanka iri biyu ne ko da hannu ko da inji. Akwai na sama-sama, wanda reza ke yanka sitikar ta bar takardar baya, sai ki sayar da shafi guda mai ɗauke da zane da yawa, ana ɓarewa ɗaya-ɗaya. Akwai mai ratsawa har baya, kowace ta fita ita kaɗai. Masu kunu da humra na farkon ya fi musu sauri. Kullum ki gwada a kusurwar takarda kafin ki saki inji a kan aikin duka, musamman idan kin sa laminatin, domin kauri ya ƙaru.

Bari in koma kan rubutu, don nan ne zuciyata take. Mu mun fara aiki ne zamanin da ake jera haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya, a juye, kuma kuskure guda yana nufin a sake buga dubu. Abin da ya koya mana shi ne ido yana karanta abin da yake tsammani, ba abin da ke rubuce ba. Sunan amarya da ango, ranar biki, lambar waya, ki karanta su da ƙarfi, ki ƙirga lambar ki ga ta cika 11, sannan ki ba wani ya karanta. Ki tura wa mai aiki hoton ƙarshe, kada ki taɓa firinta sai ya rubuto miki ya amince. Rubutu fa, ba kira ba. Idan Hausa kike rubutawa, ki ba ta haƙƙinta na ƙugiya. Yawancin salon haruffa masu ado ba su da ɓ da ɗ da ƙ, sai ki ga akwati ya fito a gurbinsu, ko harafi ɗaya ya bambanta da 'yan'uwansa. Noto da Andika da Charis suna da su. Ke da kike zane da hannu ma kin huta, sai ki zana haruffanki da kanki, ya fi ma armashi.

Akwai aikin da nake so ki iya cewa a'a, cikin ladabi. Na farko, ayar Alƙur'ani da sunan Allah, ki tuna da tambayarmu ta inda za a manna. Sitikar da aka manna a ledar abinci ko robar abin sha, ƙarshenta bola ko kwata. Idan na bango ne ko na gilashin mota ana iya dubawa, amma na abin da ake yarwa ki ba mai shi haƙuri, ki nuna masa wata kalmar fatan alheri. Mafi yawa za su gode miki, don ba su yi tunanin ba ne. Na biyu, lambar NAFDAC. Wanda ya ce ki sa masa, ki ce ya nuna miki takardarsa. Idan ya ce ki ƙirƙiro ko ki kwafo ta wani, wannan ba ado ba ne, yaudara ce a kan abin da mutane za su ci, kuma hannunki yana ciki. Na uku, kayan mutane. Zanen da kika tsinta a intanet yana da mai shi ko ba ki san shi ba. Ƙasar nan tana da dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, tambarin kamfani da na ƙungiyar ƙwallo kuma suna da tasu kariyar. Na san kasuwa cike take da tambarin Barcelona da fuskokin 'yan fim, ba wanda ya tambayi kowa. Amma ke mai zane ce, wata rana naki za a ɗauka, kuma za ki ji zafin.

Ban ma ga abin da zai kai ki kwafe ba. Ki shiga Gidan Makama da littafin zanenki ki zauna. Ki dubi dagi, ki dubi zankwayen da ke kan soraye, da zanen da magina ke yi a fuskar zaure. Ki ɗauko babbar rigar babanki ki kalli yadda aska takwas ta sauka a ƙirji. Ga sassaƙar ƙwarya, ga shuɗin marinar Ƙofar Mata, ga kwalliyar doki ranar hawan Daushe, ga mai shayi da tulin burodinsa. Waɗannan ba a gama zana su ba, kuma ɗan Kano da ke karatu a wata ƙasa zai so ya ga ɗayansu a murfin kwamfutarsa. Lakabin kunu da na biki su za su riƙa biyan kuɗin tawada, ki riƙe su da kyau. Amma ki ware rana guda a mako wadda ba kya yi wa kowa aiki sai zanen kanki, ki kuma sa sunan sana'arki ƙanana a gefen kowane shafi, don wadda ta gani a hannun ƙawarta ta san inda za ta nema.

Kuɗi kuma ki sayi littafi. Takarda, tawada, leda, reza, ledar ƙunshi, data, man janareto, kuɗin mota zuwa kasuwa, da takardun da suka lalace, domin su ma da kuɗi kika saye su. Sannan lokacinki, wanda yara ke mantawa su sa. Idan aikin zane ne sabo, kuɗin zanen daban, na bugawa daban, ko da guda goma ake so. Ki karɓi kafin alƙalami wanda zai ishi sayen kayan aikin, domin sitikar da aka buga da sunan wata ba ta sayuwa ga kowa. Lokacin siyasa kuwa a biya duka tukuna, wannan kowane mai ɗab'i zai gaya miki. Masu biki su ne za su zo miki ranar Alhamis suna so Juma'a. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki faɗa musu kwanakin da aikinki ke ci, har da daren da tawada za ta bushe, idan ba za su iya jira ba ki nuna musu shagon da zai yi musu a yini. 'Yan'uwa kuma za su ce a yi musu na zumunci. Ki yi musu ragi idan kin ga dama, amma ki rubuta cikakken kuɗin a littafi da abin da kika yafe, don ƙarshen wata ki san nawa zumuncin ya ci.

Ki gaida mamanki da ƙannenki.

Baffanki.